Ruwa Na Allah Ne, To Bututun Fa?

Ranar da mai raba takardar kuɗin ruwa ya shigo layinmu, ko sanƙira ba ya kai labari da saurin da yaran unguwa suke kai shi. Tun yana kan kwana, bai ma gama kafe babur ɗinsa ba, za ka ji ƙyamare suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya, maigidan da yanzun nan muke tare da shi a kan tabarma ya tuna yana da uzuri a cikin gida, a turo ƙaramin yaro ya ce wai Baba ya ce ba ya nan. Wanda kuwa aka ritsa a waje, sai ya karɓi takardar da yatsu biyu kamar an miƙo masa sammaci, ya nisanta ta da fuska, ya karanta, ya yi salati, sannan ya faɗi maganar nan da duk muka haddace tun muna ƙanana: “Yanzu ruwan ma sai an saya? Ruwa fa na Allah ne!” Mu kuma mu haɗa baki mu ce wallahi kuwa Alhaji, a ninke takardar gida huɗu, a soke ta a ƙusar bayan ƙyaure inda 'yan'uwanta na watannin baya suke rataye, wasu har sun yi ja don daɗewa.

Ƙurar babur ɗin ba ta gama kwanciya ba sai ga mai ga-ruwa ya kunno kai, ya tokare kurarsa da ƙirji, jarkoki suna rangaji, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Alhajin nan dai da ya gama ba da fatawar ruwa na Allah ne, shi zai fara ɗaga hannu: “Mai ruwa! Zo ka juye mana shida, ka dawo da yamma.” Ya zura hannu a aljihu ya ƙirgo kuɗi lakadan, babu salati, babu neman ragi, don ya san in ya tsaya ciniki maƙwabci zai janye yaron. Duk haka muke, babu mai nuna wani da yatsa a layin nan, liman da ladan, ɗan kasuwa da ɗan boko, mai gidan kansa da ɗan haya.

Wata rana bayan la'asar wani malamin lissafi da ke zama da mu ya ɗauki tsinke ya zana mana abin a ƙasa. Jarka ɗaya lita 25 ce. A ce ana sayar da ita naira 100, kodayake in bazara ta yi tsanani ko azumi ya kama takan wuce haka nesa ba kusa ba. Gida mai mata da yara, ga wanka ga wanki ga girki ga alwala, ba ya kasa cinye jarka 8 a yini, naira 800 ke nan, a wata kuwa naira 24,000. Takardar da muke ɓuya dominta, a yawancin gidajen layinmu, ba ta kai kuɗin ga-ruwa na mako guda ba. Kuma fa bai sa fiya wata a lissafin ba, wanda yanzu ko baƙo ka yi ba ka isa ka kawo masa ruwan randa a kofi ba sai ka aika an sayo leda mai sanyi. Muka yi jugum muna kallon zanen. Can wani dattijo ya nisa ya ce, “To ai shi mai ga-ruwa ana ganin guminsa.” Aka yi dariya, amma ni tun ranar maganar ta zauna min, don ita ce gaskiyar halinmu: gumin da muka gani da ido shi muke biya. Yaron da ya turo jarka 12, nauyin kilo 300, daga bakin burtsatse har ƙofar gidanka, ba ka da fuskar da za ka ce masa ruwa na Allah ne. Injin da yake can nesa yana gumi dare da rana a madadinsa, shi ba ya sallama a zaure.

Kada kuma a ce ba mu da bakin magana, muna da shi. Famfon namu baƙon dare ne. Sai ya yi sati bai leƙo ba, wani layin wata guda, wata unguwar kuma yaran da aka haifa sun girma har sun shiga sakandare ba su taɓa ganin ɗigo ya fito daga ƙarfen da ke tsakar gidansu ba, sun ɗauka wurin ɗaure akuya ne. In zai zo kuwa ba ya zuwa da rana tsaka, sai ƙarfe uku na dare, ya fara da tari, ya yi huci, ya tofar da iska da jan ruwa mai tsatsa, sannan ya saki jiki. Kuma akwai tsohuwa ɗaya a kowane layi wadda kunnenta yake jin wannan tarin ko da tana tsakiyar barci. Ita za ta buga katanga: “An kawo ruwa! Maman yara, ku tashi, an kawo!” Nan take gari ya waye da tsakar dare. A fito da bokitai da baho da randa da tulu da duro, a fito da tukunyar biki da ba a taɓa ta sai suna ko aure, a cika butoci, a cika kwanon miya, har robar man gyaɗa da kwalbar lemo ba su tsira. Uwargida da amarya da suka kwana biyu ba sa ga maciji, a daren nan za ka ga ɗaya tana tara wa ɗaya bokiti. Wanki da aka tara na sati a yi shi da fitilar waya, yara a tashe su a yi musu wanka suna gyangyaɗi. Ni dai ban san wani dare da unguwarmu take daɗi kamar wannan ba, in ka ɗebe daren salla.

To daga nan fa sai a ga ɗaya halin namu. Da komai ya cika, kowa ya koma ya kwanta, famfon kuma ya ci gaba da zuba, don kansa ya lalace tun bara, an ɗaure shi da robar taya, wani gidan an cusa masa totuwar masara. Da asuba masu tafiya masallaci sai sun naɗe ƙafar wando, ruwa ya bi ta wuriya ya malale layi, tataccen ruwa mai magani, yana gangarawa kwata. Gidan da ake dungure wa yaro kai don ya zubar da rabin buta na ruwan ga-ruwa, shi ne gidan da ya yi barci a kan asarar duro goma. Wancan kuɗinmu ne, wannan kuwa na gwamnati, kayan gwamnati kuma mun daɗe da yanke hukuncin ba su da mai su.

Da ma mutum zai bi bututun nan da ƙafa, ya koma baya har inda ya taso, da ya dawo da wani bakin. Ruwan Kano daga kogi yake zuwa, Kogin Kano da Kogin Challawa, su kuma madatsun ruwa ne suke riƙe musu wuya don kada su ƙafe da rani: Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, da madatsar Challawa ta Ƙaraye da ta zo a 1992. A bakin kogi akwai manyan injina masu zuƙo ruwa su hau da shi matata, ruwa ja wur da laka, musamman da damina. A zuba masa alimun, wanda wasu ke ce wa alif, irin dai wanda iyayenmu mata suke kaɗawa a randa in ruwa ya gurɓace, sai dai su can da tirela ake sauke shi. Lakar ta dunƙule ta kwanta, a bi da ruwan ta cikin yashi ya tace, a sa masa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, sannan wasu injinan da suka fi na farko ƙarfi su tunkuɗa shi cikin bututu mai faɗin da yaro zai rarrafa a ciki, ya yi tafiyar kilomitoci, ya hau tankuna irin na kan Goron Dutse, daga can ya gangaro mana. Sabuwar matatar Tamburawa da ke hanyar Zariya, wadda aka gina zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an tsara ta ne ta tace lita miliyan 150 a yini. Malamin lissafinmu ya mayar mana da shi harshen da muke ji: jarka miliyan 6. A kura mai jarka 12, kura 500,000 ke nan a kullum. Ka tsaya ka ƙiyasta samari 500,000 sun jeru a titin Zariya kowa da kurarsa, to aikin da wutar lantarki take yi ke nan, ita kuma wutar ba ta aiki don neman lada.

Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gidan ruwa ko'ina yake a duniya, manyan abubuwan da suke cin kuɗinsa su ne wuta da magani da albashi da gyara. Mu kuma shaida ne a kan abin da ya samu waɗannan duka a 'yan shekarun nan, don a jikinmu muka ji. Man dizal ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, kafin ƙarshen 2023 lita ta haura naira 1,000. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin fetur, wata guda bai cika ba aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, duk wani ƙarfe da maganin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kowane ma'auni. Mai shayi ya ƙara kuɗi mun fahimta, mai niƙa ya ƙara mun ce ai mai ya yi tsada, ɗan adaidaita ya ƙara mun yi ƙorafi mun hau, mai ga-ruwa ya ninka mun ce Allah sarki shi ma can wurin burtsatsen aka ƙara masa. Amma a ce za a taɓa kuɗin ruwan famfo, nan ne za ka ji majalisa ta ɗauki zafi, a kira rediyo, a ce an tasa talaka a gaba. Masu mulki kuma sun san halinmu sarai, ba mai son a ce a zamaninsa aka ƙara kuɗin ruwa ga zaɓe na tafe, sai a bar farashin yadda yake shekara da shekaru, baitulmali ya riƙa cike giɓi in da hali, in babu hali injin ya kwanta ya jira. Mu ce ba za mu biya ba sai an kawo, can kuma ba abin sayen man da za a kawo da shi. Zare ya harɗe, kowa ya riƙe nasa bakin yana ja.

Abin da yakan ba ni tausayi shi ne garin nan ba baƙon famfo ba ne. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kafa gidan ruwa a Challawa wajen Panshekara da kuɗin baitulmalinta, lokacin da garuruwa da yawa a ƙasar nan ko labarin abin ba su ji ba. Amma Kanon wancan lokacin cikin badala ce da Fagge da Sabon Gari da Nassarawa. Yau gari ya haɗiye ƙananan hukumomi takwas yana neman ƙari, an ƙara Challawa ta biyu da ta uku, an yi Tamburawa, an jawo Watari daga Bagwai, duk da haka kafin a gama shimfiɗa bututu a unguwa ɗaya mun yanka filaye mun kafa uku a bayanta. Mu ne muke sayen awon igiya a inda babu titi babu kwata, mu gina, mu tare, ranar da muka kwana bakwai mu fara tambayar ina ruwa. Tsofaffin bututan cikin gari kuwa wasu sun girmi iyayenmu, sun ci tsatsa, suna yoyo a ƙarƙashin ƙasa inda ba mai gani, ruwan da aka kashe wa wuta da magani yana shayar da tururuwa.

Mu ɗin ma ai ba mu bar bututun ya huta ba. Da ruwa ya rage ƙarfi ya daina hawa famfon tsakar gida, sai muka bi shi ƙasa: kowa ya haƙa rami a ƙofar gida ya yanke bututu a can ciki, a riƙa sauka da kofi ana kwarfa a bokiti. Maƙwabci ya ga naka ramin ya fi nasa zurfi, ya kira yara su ƙara masa taku biyu. Can sai mai hali ya sayo ɗan injin zuƙa ya jona kai tsaye, da an kawo ruwa ya kunna, ya tsotse na layin kaf ya tura tankinsa na sama, gidajen da ke bayansa su ji tari kawai babu ruwa. Da safe kuma shi ne zai fi kowa jajantawa: “Ku ma ba ku samu ba? Kai, mutanen nan sai addu'a.” Ga jonin dare, wanda ake kiran mai gyaran famfo bayan lisha a ce ya zo da sufana kada ya zo da surutu. Wanda aka yanke wa saboda bashi, kwana biyu ya yi yawa ya mayar da abinsa, kuma duk layin mun sani, mu muka haska masa fitila. In babban bututu ya fashe a bakin titi, ranar biki ce: 'yan acaɓa a da, 'yan adaidaita a yanzu, su jeru suna wanki, masu bulo su kawo duro, yara su tuɓe, mata su aiko da bokitai, a yi sati ana shagali, kuma a cikinmu duka babu wanda ya san inda ake kai rahoto, babu ma wanda ya tambaya, tsoronmu ɗaya kada a zo a gyara.

Sai maganar mita. Mu ne muka yi shekaru muna kuka a kan wuta, a ba mu mita, mun gaji da kuɗin ƙiyasi, abin da muka sha shi za mu biya. Da aka kawo ta muka koyi kashe ƙwai da rana, muka san dutsen guga ba abin wasa ba ne. Amma a ambaci mitar ruwa, sai fuska ta canza, a ce yanzu alwalar ma ƙirga mana za a yi. Alhali rashinta ne ya sa tsohuwa mai jika ɗaya take ɗaukar kuɗi kusan ɗaya da gidan da ke da mata uku da motoci biyu da lambu a bayan gida. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai sun daɗe da sabawa da ita, kowane famfo da abin awonsa, takarda ta zo ƙarshen wata, kuma an tsara farashin hawa-hawa yadda mai shan kaɗan yake samun rangwame a kan mai kwarara. Su ma suna da nasu kukan, mutanen Damagaram sun fi kowa sanin ƙishirwar bazara, amma ba za ka ga an bar famfo yana zuba an tafi barci ba. Ni a ganina mita ita ce gatan talaka a wannan harkar, kuma mai rasit a hannu shi yake da bakin zuwa ofis ya buga tebur ya ce ina ruwana. Mai takardu goma a ƙusa, ko ya je, murya ƙasa-ƙasa zai yi.

Duk wannan fa a kan ruwan da yake shigowa ne. Wanda yake fita kuwa, ba ma sa shi a lissafi sam. Wani ɗan unguwarmu da ya yi karatu a Ingila ya taɓa gaya mana cewa can takardar ruwa kashi biyu ce, kuɗin wanda aka kawo maka da kuɗin wanda aka kwashe maka, ruwan wanka da na wanke-wanke da na bayan gida duk bututu ne yake ɗauke su ya kai matata a wanke su kafin a sake su kogi, kuma sau da yawa kuɗin kwashewar yakan kai na kawowar. Majalisa ta fashe da dariya, wani ya ce to ashe can har abin da mutum ya zubar sai ya biya. Ko a nan ƙasar ai Abuja tana da irin wannan matatar a Wupa. Mu dai tsarinmu mai sauƙi ne: a huda katanga a sa wuriya, ruwa ya fita waje, da ya ƙetare dokin ƙofa ya zama na jama'a. Kowa ya share tsakar gidansa tas, ya yayyafa ruwa, ya kunna turaren wuta, ƙofar gida kuma baƙar kwata tana tafasa da sauro. Rabin shari'un da mai unguwa yake yi a kan kwata ne, wane ya toshe, wane ya karkato ta gindin katangar wane, mutanen da suke sahu ɗaya a masallaci su yi wata ba sa gaisawa a kan taku uku na lambatu.

In hadari ya haɗo kuwa, kowa ya san aikinsa. Da ruwa ya kece, yara su fito da kwandunan shara a juye a lambatu, ruwa ya tafi da ita, wai an huta. Wasu gidajen ma daren ruwan sama suke jira su buɗe sokawe su sake shi ya bi sahu, don kuɗin motar zuƙe masai ya yi yawa. Sharar ta je ta cushe kwalbati a gangare, ruwa ya rasa hanya, kududdufin da yake shanye shi a da mun cike shi mun yi shaguna, sai ya juyo ya shiga ɗakunan mutane, mu taru da safe muna jajen ambaliya muna cewa ikon Allah. Tsofaffi suna ba da labarin duba-gari, yadda in aka ce ga shi nan tafe mata suke rige-rigen wanke randa da share kwata, don yana leƙa tulu ya ga tsutsa sai tara. Yau muna da tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, mu yashe kwata mu tara baƙar lakar a gefenta, ta bushe, akuyoyi da ƙafafunmu su mayar da ita inda ta fito.

A nan ne dariya takan tsaya min a maƙogwaro, don bututun ruwan shanmu ta cikin kwatar nan yake ratsawa, ku duba ƙofar gidajenku ku gani, farar roba kwance cikin baƙin ruwa, an ɗaure inda ta tsage da leda. Muddin akwai ruwa da ƙarfi a ciki, waje yake tsartuwa. Da an ɗauke, bututu ya zama fanko, sai ya riƙa tsotso na kwatar, injin zuƙar mai hali kuma ya taimaka masa. Shi ne jan ruwan farko da muke tara da murna da ƙarfe uku na dare. A 2021 da kwalara ta ɓarke a ƙasar nan, Kano da Bauchi da Jigawa suna cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma babu layin da bai san gidan da taifot ta kwantar da yaro ba. Kuɗin ƙarin ruwa leda biyu a asibiti ya biya takardar famfo ta watanni. Sauran ruwan kwatar kuma ya gangara Jakara, ya haɗu da na Getsi mai ɗauko dattin masana'antun Bompai, ya nufi madatsar Wasai a Minjibir, a hanya masu lambu su ja shi su shayar da latas da kabeji da alayyafo, mu saya a 'Yankaba mu yi kwaɗo da shi ranar Juma'a. Komai nisan jifa dai.

Bara waccan wani mai neman kujera ya haƙa mana burtsatse a bakin masallaci, da tanki biyu da janareta, aka yi walima, aka yi addu'a, muka ce mun rabu da ga-ruwa mun rabu da takarda. Wata uku muna shan ruwa kyauta, har daga wasu unguwanni ake zuwa, kan famfo huɗu yara suka karya uku. Ran nan injin da ke can ƙasa, wanda masu aikin suke ce wa sumo, ya ƙone. Mai kujera ya ci zaɓe ya canza lamba. Aka kira taro bayan sallar isha, mai gyara ya faɗi kuɗin sabon inji, wuri ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Aka yi karo-karo da ƙyar, gida-gida, wasu suka ce ba sa nan. Da aka gyara sai ga maganar fetur, lita nawa janareta yake sha kafin tanki ya cika, sai baƙin mai, sai ɗan abin da za a ba yaron da yake kunnawa yana kashewa, sai wani mai hangen nesa ya ce a riƙa ajiye wani abu don ranar da injin zai sake ƙonewa, in an samu rara a tara a sayi sola. Malamin lissafi ya sake ɗaukar tsinke. Kafin a tashi, mu da bakinmu, mun yanka wa jarka naira 50, mun sayi kwaɗo da littafi, mun ce wanda bai biya ba kada a buɗe masa ko ɗan uban waye.

Ma'ajin da aka zaɓa kuwa Alhaji ne, don kowa ya yarda da amanarsa. Yanzu kullum da hantsi yana kan benci a gindin tanki, littafi a cinya, mabuɗi a aljihu, tabarau a karan hanci, kuma duk wanda ya bar famfo yana ɗiga sai ya ji muryarsa daga ƙarshen layi. Rannan wani saurayi ya zo da jarka biyu ba ko sisi, ya rusuna ya ce, “Baba, a taimaka, ruwa fa na Allah ne.” Alhaji ya dube shi ta saman tabarau ya ce, “Na Allah ne, ɗana, amma fetur ɗin da ya hau da shi na gidan mai ne. Yau ɗebi, na rubuta a kaina, gobe ka zo da hamsin-hamsin.” Ya ciro naira 100 daga aljihunsa ya jefa a gwangwanin, ya rubuta.

Takardunsa na bayan ƙyaure dai suna nan a ƙusa. Da muka tuna masa, ya ce shi ba ya ƙin gaskiya, ranar da aka kawo ruwa dare uku a jere, da kansa zai je ofis ya biya har da na baya, kuma duk wanda ya ji ya zama shaida. Shekaranjiya an kawo. Jiya ma an kawo, har ya hau famfon tsakar gida. Yau tun magariba tsohuwar layinmu ta jawo tabarmarta kusa da katanga.